Jaririya Tana Jiran Ƙamus

Preston, Ingila
6 ga Maris, 1978

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Gwaggo, da fatan sanyin Gongju ya fara sassautawa. Yaya gwiwar? Ni da sauƙi, na fara takawa a tsakar ɗaki. Ganyen tekun da Gwaggo ta aiko daga Koriya ya riga haihuwar isowa, ina shan romonsa safe da yamma kamar kowace mai jego a ƙasarmu. Surukata Doreen ta leƙa tukunyar sau ɗaya, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an dafa abin da teku ya yar ba, sannan ta buɗe taga.

Tangarahon Clive ya gaya maka mace ce. Abin da bai gaya maka ba shi ne goshinka ta ɗauko, har da ɗaure fuskar nan da kake yi wa ɗalibi in ya zo a makare. Da Umma na raye da ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Ga maganar. Kafin aurenmu Clive ya yi maka alkawari kai za ka raɗa wa ɗanmu na fari suna, kamar yadda Kaka ya raɗa mini, kuma bai manta ba. Roƙonsa ɗaya ne, tunda a nan za ta tashi, sunan ya zama na Turanci, kada ta sha abin da nake sha a asibitin da nake aiki, inda har yau ba wanda ya iya faɗin nawa. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Shekara talatin ka yi kana koyar da Turanci, kuma tun ina goye kake tara katunan littafinka na kalmomi masu kama da juna.

Sai dai ina roƙonka ka lura da abu biyu. Dokar nan sati shida take ba mutum ya je ofishin rajistar haihuwa, namu zai cika ranar 13 ga Afrilu, takarda kuwa tana cin kwana tara ko goma a hanya. Na biyu, mutanen nan ba a ƙamus suke neman suna ba. Suna da waɗanda suka saba, su Helen da Alison da Margaret, kowa ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi a kunne. Ka ɗauki ɗaya kawai ka aiko. A yanzu Doreen “Yarinya” take ce mata, kamar wadda aka tsinta a tasha.

’Yarka,
Gyong-ran

Gongju
15 ga Maris

Zuwa ga Gyong-ran,

Da jaririyar na da suna da na buɗe takardar nan da “Maman wance”, yadda ake kiran mace in ta haihu. Lafiyarmu lau. Gwiwa tana nan, ba ta je ko’ina ba. Ki ci gaba da shan romon, ki rufe tagar nan da surukarki ke buɗewa, iska ba ta yi wa mai jego kyau. Na ɗaura igiyar da muke ɗaurawa don kare jariri a ƙofar gida, da gawayi da ɗanyen ganye a jikinta. Mai shagon taba ya tambaye ni wace jaririya nake karewa tunda tana bayan teku, na ce masa ya kula da tabarsa.

Kin ce in ɗauki ɗaya kawai. Wannan suna ne ko kabeji a kasuwa? Kakanki wata guda ya yi da ƙamusun tsofaffin haruffanmu, waɗanda kowanne ke da tasa ma’anar, a cinya kafin ya fitar da naki. Ana fara tsayar da ma’ana, sannan a nemi kalmar da za ta iya ɗaukarta. Don Turawa suna sa wa ’ya’yansu sunan da ba su san fassararsa ba, ba dole in bi su ba.

Ma’ana dai na tsayar, farin ciki ce. Na fito da akwatin katunan, ga inda na kai. Joy ita kowa zai fara ambata, shi ya sa ban yarda da ita ba. Daga Faransa ta shigo, kuma an yi ta jan ta a katunan gaisuwa da tallace-tallace har ta koɗe. Mirth sai da taro da dariya, ta teburin giya ce, baƙi na watsewa ita ma ta watse. Glee kuwa ta taɓa kusan mutuwa, sai ga shi ta miƙe ta ci gaba da yawo a bakin mutane, wannan ya burge ni. Amma ina da misalai inda mutum ke yin ta don maƙwabcinsa ya zame ya faɗi. In haka ne, ba na so.

Ki tambayi Clive da mahaifiyarsa ko suna jin mugunta a cikinta, ki rubuto mini ainihin jumlar da suka faɗa. Kin san ƙa’idata, kati ba ya cika sai da misali daga bakin ɗan ƙasa. Naki bakin ba ya ciki, Turancinki ni na koya miki. Kada kuma ki ce in buga tangaraho, suna da buroshi da tawada ake rubuta shi.

Mahaifinki,
Maeng Du-seop

Preston
24 ga Maris

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa, ina gaida Gwaggo. Muna lafiya. Yarinya tana tsotso da kyau, cibiya ta faɗi.

Baba, na buɗe takardarka, na juya ta gaba da baya, har cikin ambulan na leƙa. Shafi uku, ba suna. Na zauna na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa maka. Ni mai jego ce a ƙasar da ba ni da kowa, abin da na roƙa kalma ɗaya ce, sai ka aiko mini da darasin aji.

Duk da haka na yi aiken. Clive ya sosa ƙeya, ya ce shi dai duk ɗaya suke a wajensa, kuma bai taɓa jin wani mai rai ya ce mirth ba in ba limamin cocinsu ba. Doreen kuwa dariya ta yi har ta ajiye kofin shayi.

“Yanzu tsohon naki jarrabawa yake yi mana?” in ji ta. “Gaya masa ni na haifi huɗu, kowanne kafin a wanke shi ya samu suna, kuma ba wanda ya dawo ya yi mini ƙorafi.”

Ga jumlar ɗan ƙasa nan, ka sa a kati. Tun ranar take gaya wa maƙwabta cewa jikarta tana jiran a gama rubuta ƙamus. Masu zuwa barka suna tambayar suna, ni kuma sai murmushin yaƙe. An kawo ’yar riga da aka bar gurbin ɗinka suna a ƙirji, tana nan a rataye tana kallona.

Jiya Clive ya kawo wata shawara. A wajensu babbar girmamawa ce a mayar da sunan kakar da ta rasu, ƙanwarsa ma sunan kakarsu take amsawa. Ya ce ya janye maganar Turanci, a sa wa yarinyar sunan Umma, shi zai koya wa danginsa faɗinsa ko da za su karya harshe. Idonsa har da ƙwalla. Na san ba al’adarmu ba ce, amma na gaji, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. In ka amince, kalma ɗaya ta isa. Rabin wa’adin ya tafi.

’Yarka,
Gyong-ran

Gongju
2 ga Afrilu

Gyong-ran,

Muna lafiya. Na ji cibiya ta faɗi, madalla.

Mijinki baƙo ne, ba na ganin laifinsa. Ke nake tambaya, a gidan wa kika tashi? Ke da ba ki taɓa faɗin sunan uwarki kai tsaye ba, sai dai gaɓa-gaɓa, kai a sunkuye, in malamin makaranta ya tambaya. Yanzu za ki tsaya a ƙofar gida ki ƙwala wannan sunan, ki ce wa mai shi ta zo ta face majina? Ranar da ta fasa kwano ki haɗa sunan da tsawa? Gwaggonki da na karanta mata wurin, tashi ta yi ta shiga kicin. Kada ki jira wata takarda daga gare ni a kan wannan magana, na rufe ta.

Surukarki ta ce huɗu ta haifa ba wanda ya yi ƙorafi. Wanda bai san abin da aka ɗora masa ba, da me zai yi ƙorafi? Shi kuma Clive da ya ce duk ɗaya ne, haka mai gida yake, bai san yawan matakalar gidansa ba sai baƙo ya ƙirga masa.

Na ƙara duba uku. Bliss ta yi sama da yawa, ta Aljanna ce da waɗanda suka riga mu, ba ta mai wanke shinkafa da safe ba. Blithe a tsofaffin littattafai kyakkyawa ce, mai fara’a da taushin hali, amma ta lalace a hanya, yau mai halin ko-in-kula ake nufi da ita. Na yi baƙin cikinta kamar ɗalibar kirki da ta bi ƙawayen banza.

Sai wata da na tono a can ƙasan akwati, wynn. A waƙoƙinsu na dā, yadda na fahimta, farin ciki ce marar hayaniya, irin ta wanda ya kwaso sanyi a hanya ya tura ƙofa ya tarar ɗaki da ɗumi, an ajiye masa abinci a rufe, ba wanda ya ce masa komai. Na daɗe riƙe da katin. Sai dai ta mutu tun ɗaruruwan shekaru, ɗan ɓurɓushinta kawai ya rage a jikin wata kalma. A gabanta na kafa ɗan takobin nan da masu ƙamus ke sa wa matacciyar kalma. Ba a ɗora wa jaririya gawa, na mayar da ita akwati.

Sauri ya haifi nawa.

Mahaifinki

Gongju
7 ga Afrilu

Zuwa ga Gyong-ran,

Da fatan kuna lafiya ke da yarinyar. Gwaggonki ta ce takardata ta baya ta yi zafi, ta kuma ce wa mai jego ba a rubuta irinta. Ita ta sani.

Na hau jirgin ƙasa na je Seoul, wurin wani tsohon ɗalibina da ke aiki a ɗakin karatu na jami’a, don in duba babban ƙamusun nan mai mujalladai da yawa wanda ban taɓa iya mallaka ba. Kwana biyu na yi ina bin layi da gilashin ƙara girma. Na dawo da ciwon gwiwa da katuna cike da aljihu, ban dawo da suna ba.

Bari in faɗa miki abin da nake nema, tunda na ga ba ki gane ba. Harafin ƙarshe na sunan uwarki ma’anarsa farin ciki. Sunan ba ya taɓuwa, amma na ce in na samo ma’anar a wani harshe, yarinyar za ta ɗauki kakarta ba tare da kowa ya yi rashin kunya ba. Abin da ya hana ni shi ne duk kalmar da na ɗaga sai in ga ba ita ba ce. Wannan ta cika surutu, waccan ta cika kwalliya. Shekara uku ke nan da rasuwarta, ina kewarta kullum, kuma ashe duk katunan nan ba su iya faɗa mini ko wace ce ita.

Na kasa. Ban taɓa rubuta wannan kalmar a kan takardar ɗalibi da nauyin da na ji yau ba. Na sauke wa Clive alkawarinsa. Ku bar Doreen ta zaɓa, ko Helen ko Alison, ba zan ce komai ba. In takardar nan ta iso a makare, laifin mai jinkiri ne.

Mahaifinki

Preston
14 ga Afrilu

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ka ce kada in jira wata takarda daga gare ka, ka rufe maganar. Duk da haka na jira, ina tsaye a taga in mai kawo wasiƙu zai wuce, har jiya da safe. Ba abin da ya zo. Na ɗauka ka zare hannunka daga jikarka saboda laifina, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da haihuwar.

Jiya muka je ofishin, ni da Clive da Doreen da yarinya a cikin bargo. Raina a ɓace yake, har na ce wa Clive tunda ka yi fushi, a sa sunan Umma ɗin, in ya so a yi fushin mai dalili. Ma’aikaciyar ta ɗaga alƙalami ta dube ni ta ce wane suna. Baba, na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Sau biyu ina gwadawa. Ji na yi kamar an ce in taka hotonta.

Clive ya riƙe hannuna ya ce in ya gagara a bar shi, amma wai me sunan yake nufi, bai taɓa tambaya ba. Na ce harafin ƙarshe farin ciki ne. Ina faɗa na gane, ashe Umma kake nema a Turanci. Sati huɗu kana aiko mini da farin ciki iri-iri, ni ina ganin ka fi son katunanka da jikarka.

Sai na tuna ranakun da nake dawowa daga makaranta cikin ƙanƙara. Umma ba ta tambayar komai, kwanon shinkafata yana ƙarƙashin bargo a wuri mafi ɗumi na daɓen ɗaki, ita tana ɗinki ta ba ni baya, amma ta gefe ina ganin murmushi a kumatunta. Kai ka rubuta wannan da hannunka, sannan ka mayar da katin akwati.

Na ce wa matar ta rubuta Wynn. Ta ce in jero mata haruffan, na jero yadda suke a takardarka. Doreen ta maimaita sau biyu, ta ce gajere ne, zai yi daɗin kira daga bakin titi, kuma zai shiga ƙirjin rigar nan.

Bakin alƙalami ya bushe. Na san ka ce gawa ce, na san kuma ban jira buroshinka ba. In ka ga na yi laifi ka faɗa, na fi son faɗanka da shirunka. Amma kada ka ce ba kai ka raɗa mata ba, ni ban taɓa jin kalmar nan ba sai a wajenka.

’Yarka,
Gyong-ran

Gongju
25 ga Afrilu

Zuwa ga Maman Wynn,

Lafiyarmu lau, gwiwa ta huce daga tafiyar Seoul. Takardunmu sun yi saɓani a sama, yanzu na san tawa ta iso ki kin karanta.

Da farko, karatunki yana nan yadda na san shi, kina tsallake layi. Maganar sunan uwarki na ce na rufe, ba maganar suna ba. Da a aji ne da kin sake rubuta jumlar sau ashirin. Na biyu, kin ɗauki katin da na ƙi, ba izini, kin kai wa hukumar wata ƙasa ta buga masa hatimi. Na kwana biyu ina neman abin da zan ce a kan haka, Gwaggonki ta ce in na samu in gaya wa bango.

Shekaranjiya na niƙa tawada na rubuta sunan da buroshi. Haruffan Turawa ba sa son buroshi, sai a takarda ta huɗu ya fito yadda za a iya nunawa. Tana cikin ambulan nan, ki ajiye mata. Jiya kuma na hau tudu wurin kabarin uwarki na zuba mata ɗan abin sha na faɗa mata sunan. Gwaggonki “Uwin” take cewa, na gyara mata har na haƙura.

Saura aiki ɗaya. Na fito da katin, na sa reza na kankare ɗan takobin, tunda ba a kiran kalma matacciya alhali tana tsotso safe da yamma. Amma gurbin misali na wannan zamani babu komai, kuma kin san ƙa’idata. Ki kasa kunne, ranar da wani ɗan ƙasa ya sa ta a cikakkiyar jumla, ki rubuto mini da sunan mai faɗa da wuri. Ba ta wasa da jariri ba, jumla ta gaske. Naki bakin har yanzu ba ya ciki.

Ki rufe tagar nan.

Kakan Wynn

Preston
19 ga Agusta

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa gare ka da Gwaggo. Muna lafiya, Wynn ta fara juyawa da kanta, kuma duk abin da hannunta ya kai nata ne. Takardar buroshinka tana bango a cikin gilashi, Doreen ce ta kai aka yi mata firam, tana nuna wa baƙi tana cewa aikin farfesa ne. Ban gyara mata ba.

Ka yi haƙuri da jinkiri, kowa gwaranci yake yi mata, ba wanda ya yi jumlar da za ka karɓa sai yau. Na rubuta maka ita da Turanci a bayan hoton nan, harafi da harafi. Mai faɗa: Doreen Ormerod, haifaffiyar Preston. Wuri: kicin ɗinmu, wajen karin kumallo. Da tsawa ta faɗe ta, kuma ba wanda ya sunkuyar da kai.

“Wynn, saki gashina, ja’ira, ko in gaya wa kakanki!”

Ka cike katin.

’Yarka,
Maman Wynn